Mai lisans ɗin tarihi a Damagaram: koyarwa ko wani aikin?

Wani ɗalibi da yake shekara ta uku a sashen tarihi na jami'ar nan ta Damagaram ya aiko da tambaya. Ya ce saura masa ƴan watanni ya karɓi lisans, wato digirin farko, mahaifinsa yana so ya nemi shiga aikin duwan, wato kwastan, ko jandarma, abokansa kuma suna ce masa mai karatun tarihi ba shi da makoma sai alli. Shi kansa bai tantance ba ko son koyarwa yake yi ko kuwa rashin wata hanya ne yake tura shi, don haka yake tambaya: ya rungumi koyarwa, ko ya ci gaba zuwa masta, ko ya sauya hanya tun da sauran lokaci?

Ɗana, na daɗe ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a kwaleji da lise, wato ƙaramar sakandare da babba, daga baya kuma aka sa ni cikin masu zagaya azuzuwa suna ba malamai shawara, saboda haka abin da zan gaya maka daga cikin aji ya fito. Maganar abokanka akwai gaskiya a cikinta, kuma gara ka ji ta tun yanzu. A ƙidayar 2012 jihar Damagaram ce ta fi kowace jiha yawan jama'a a Nijar, da mutum sama da miliyan 3.5, kuma kusan rabin ƴan ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba. Waɗannan yara dole a buɗe musu makarantu, kuma tarihi da labarin ƙasa darasi ne da ake yi tun daga ajin farko na kwaleji har zuwa ajin ƙarshe na lise, ana kuma jarraba shi a BEPC, jarrabawar gama kwaleji, da bak, ta gama lise. Babu wani wurin aiki a ƙasar nan da yake ɗaukar masu lisans ɗin tarihi da yawa kamar makaranta. Inda abokanka suka kuskure shi ne da suka ɗauka cewa duk wanda ya san tarihi zai iya koyar da shi, har suke ganin alli abin da ake komawa gare shi ne idan komai ya ƙi. Sanin tarihi abu ne dabam, koyar da shi kuma sana'a ce dabam, kuma malaman da na ga sun fi shan wahala, su da ɗalibansu, su ne waɗanda suka shiga aji da niyyar su ɗan zauna kafin wani aikin ya samu, sai shekaru suka yi ta wucewa suna nan, ba su koyi sana'ar ba, ba su kuma bar ta ba.

Bari in nuna maka abin da nake nufi. Za a ba ka ajin farko na kwaleji, yara saba'in ko fiye, da yawansu daga makarantun ƙauye suka fito, Faransancinsu bai wuce na gaisuwa da kwafar abin da ke kan allo ba. A makonnin farko aikinka shi ne ka fahimtar da su mene ne ƙarni, da dalilin da ya sa shekarar 1899 take cikin ƙarni na 19 ba na 18 ba, da yadda shekarun da suka gabaci haihuwar Annabi Isa suke raguwa maimakon su ƙaru. Abin da ka karanta a jami'a game da daular Borno ko cinikin Sahara ba zai taimake ka a wannan sa'a ba. Abin da zai taimake ka shi ne ka ja dogon layi a allo, ka sa shekarar haihuwar yaron da ke gabanka a kai, ka sa ta mahaifinsa, ka sa ta kakansa, sannan ka ja baya har zuwa zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, yaran su gani da idonsu cewa ganuwar Birni, tsohuwar unguwar garin nan, da suke wucewa ta gefen ragowarta ba ta fi tsawon rayuwar mutum biyu ko uku nisa da su ba. Wanda ya ji daɗin neman irin wannan dabara, ya kwana yana tunanin yadda zai sake bayanin gobe saboda yara goma ba su gane ba, shi ne malami. Sannan akwai gyaran takardu, wanda ba a faɗa wa ɗaliban jami'a. Ka ɗauka kana riƙe da aji shida, kowanne da yara saba'in: takarda 420 ke nan a jarrabawa ɗaya, kuma idan kowace ta ci maka minti biyar, ka yi awa 35 kana gyara, ban da shirya darasi, ban da tsayuwar aji.

Don haka shawarata ta farko ita ce kada ka yanke hukunci a zaune a ɗaki. Makarantu masu zaman kansu sun yi yawa a garin nan, kuma akwai tsofaffin malamanka a lise Amadu Kuran Daga ko inda ka yi karatu. Ka je wurin ɗaya daga cikinsu da ladabi, ka roƙe shi ya bar ka ka zauna a bayan aji kana kallo, daga baya ya ba ka darasi ɗaya ko biyu a mako ka yi a gabansa ya gyara maka. Wata uku sun isa ka san kanka. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma idan ka tarar cewa agogo kake dubawa tun daga farkon darasi har ƙarshensa, to ka samu amsarka da arha, tun ba ka ɓata shekarunka da na ƴaƴan mutane ba.

Abu na biyu da nake so ka lura da shi tun kana jami'a shi ne labarin ƙasa. A makarantunmu malami ɗaya ne yake riƙe da darussan biyu, don haka rabin aikinka zai zama taswira da ma'auninta, da yanayi, da zanen ruwan sama da zafi na wata-wata, da lissafin ƙaruwar jama'a. Na sha shiga ajin malamin da idan yana tarihi sai ka ji kamar kada ya gama, amma da an zo labarin ƙasa sai ya koma shifta, yara suna rubuta abin da shi kansa bai zauna masa ba. Sashen labarin ƙasa yana kusa da naku. Ka nemi abokai a can, ka ari darussansu na shekarar farko, ka koyi zana taswirar Nijar da ta Afirka ta Yamma da hannu a allo ba tare da duba littafi ba, domin makarantu da yawa ba su da taswirar bango.

Yanzu ga maganar hanyar shiga, wadda ita ce ta fi muhimmanci ga rayuwarka. Yawancin masu lisans ta bautar ƙasa suke fara riƙe alli, shekara biyu, daga nan su zarce kwantiragi. Tsarin kwantiragi ya samo asali ne a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da baitulmali ya kasa ɗaukar cikakkun ma'aikata daidai da yawan yaran da ake sa wa makaranta, sai aka fara ɗaukar waɗanda aka kira ƴan sa-kai na ilimi, daga baya aka mayar da su ƴan kwantiragi, har suka zama su ne mafi yawan masu koyarwa a ƙasa. Ɗan kwantiragi aikinsa ɗaya da na cikakken ma'aikaci, amma kuɗin watansa, wanda ake kira pekil, bai kai albashi ba, an sha yin jinkirin biyansa har ya jawo yajin aiki, kuma hankalinsa ba ya kwanciya sai ranar da ya samu lambar ma'aikaci. Wasu sun jira wannan lamba shekaru masu yawa. Ka kuma tuna cewa a 2017 gwamnati ta yi wa malaman firamare ƴan kwantiragi jarrabawar tantancewa, da yawa suka faɗi, aka sallami wasu. Ina kawo wannan ne domin ka gane cewa wanda ya shiga aikin ba tare da takardar ƙwarewa ba, matsayinsa kullum a hannun wani yake.

Saboda haka idan ka zaɓi koyarwa, ka nemi horon sana'ar da gaske. Babbar makarantar horar da malamai ta ENS da ke jami'ar Abdu Mumuni a Yamai ita ce take horar da malaman kwaleji da lise, ita take ba da takardar CAPES ta shaidar ƙwarewar koyarwa a sakandare, kuma ta nan ne malami yake bi idan yana so wata rana ya zama mai ba malamai shawara ko sufeto. A jami'ar nan ma akwai tsangayar ilimin koyarwa, ka shiga ka tambayi abin da suke da shi ga mai lisans irinka. Sharuɗɗan shiga sukan sauya, don haka sanarwar bana za ka nema, ba labarin wanda ya shiga shekara biyar da suka wuce ba. Makarantar horon malamai ta Askiya Muhammad da ke garin nan ta malaman firamare ce, ba ita ce hanyarka ba.

Ka kuma shirya wa zaman karkara. Sabon malami ba kasafai ake barinsa a cikin gari ba. Ana iya tura ka wani ƙauye a Gure ko Tanut ko Magarya ko Dungas ko Belbeji, inda wataƙila ajinka na zana ne, ɗakin kwananka aro ne daga maigari, ruwa kuma sai an je rijiya. Ba zan ce maka da sauƙi ba. Amma can ne ake kiran malami mushe, wato monsieur na Faransanci, da girmamawar da ta fara ƙaranci a birni, kuma can ne kashe kuɗi yake da sauƙi. Game da dukiya kuwa, ban san malamin da alli ya azurta ba, amma na san da yawa da suka yi gida, suka aurar da ƴaƴa, suka yi ritaya da mutuncinsu. Babban hutu yana faɗowa daidai da damina, shi ya sa malamai da yawa suke noma, wasu suna ƙarawa da awoyi a makarantu masu zaman kansu. Abin da zan hana ka shi ne sayar da maki, da tilasta wa ɗalibanka darasin kuɗi da yamma a kan abin da ya kamata ka koyar da safe. Garin nan ƙarami ne, kuma sunan malami idan ya ɓaci ba ya gyaruwa.

Maganar masta da doktora kuma, a nan nake so in ɗan daɗe, domin a nan ne matasa suka fi ruɗin kansu. Bayan lisans akwai shekara biyu na masta, sannan aƙalla uku na doktora, kuma ko ka gama, guraben koyarwa a jami'a kaɗan ne, ƙarin girma kuma yana bi ta CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da ke Wagadugu, wadda rubuce-rubucen binciken da ka buga take dubawa. Wanda ya shiga masta don kawai ya jinkirta neman aiki, shekara biyu zai ƙara wa matsalarsa. Wanda ya kamata ya shiga shi ne wanda wata tambaya ta hana shi sakat. Kuma ɗan Damagaram ba shi da uzurin rasa tambaya. Marigayi André Salifou, wanda jami'arku take ɗauke da sunansa, ya fitar da littafinsa a kan daular Damagaram ta ƙarni na 19 tun 1971, fiye da shekara hamsin ke nan, kuma abin da ya rage ba a rubuta ba ya fi wanda aka rubuta. An san Tanimun, wanda ya yi dogon mulkinsa daga 1851 zuwa 1884, da ganuwarsa da igwoginsa. An san kisan hafsan Faransa Kyaftin Cazemajou a garin nan a 1898, da yaƙin Tirmini da aka yi da Faransawa a Yulin 1899, da tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa a 1906. An san garin nan ya zama babban birnin mulkin Faransawa a Nijar daga 1911 zuwa 1926, kafin a mayar da shi Yamai. Amma wa ya zauna ya rubuta abin da ya faru da fataken unguwar Zango bayan ayarin Tarabulus ya mutu, ciniki ya juya kudu zuwa Kano da jirgin ƙasa? Wa ya bi tarihin gyaɗa a Magarya da Matamaye, ko na ƙishirwar garin nan da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ko na majema da dukawa, ko na matan fada, ko na unguwar Kara-Kara? Tsofaffin da suka ji waɗannan labarai daga bakin waɗanda suka gani suna ƙarewa, kuma wayar da ke aljihunka ta isa ɗaukar muryarsu.

Idan wannan hanya ce take jan ka, to jarinka harsuna ne. Rahoton hafsan Faransa a kan mutuwar Cazemajou dabam yake da abin da za ka ji a bakin dattijan Birni, kuma aikin masanin tarihi shi ne ya ajiye su gefe da gefe ya tambayi kowanne dalilinsa. Faransanci zai buɗe maka ma'ajiyar takardun ƙasa a Yamai, da ta Dakar, da ta Aix-en-Provence a Faransa. Larabci da ajami za su buɗe maka dubban rubuce-rubucen hannu da ke cibiyar bincike ta IRSH a Yamai, da waɗanda suke cikin gafakar malamai a gidajen garin nan ba wanda ya taɓa lissafa su. Idan ka yi makarantar allo, kana da abin da abokan karatunka da yawa ba su da shi, kada ka raina shi. Barbarci yana da amfani, tun da Damagaram ta daɗe a ƙarƙashin inuwar Borno. Turancin Ingilishi kuma zai kai ka Kano, wadda ba ta wuce tafiyar kilomita 240 ba, da cibiyar tarihi ta Arewa House a Kaduna, domin tarihin Damagaram da na Kano da Daura da Gumel ba ya rabuwa a kan iyakar da Turawa suka shata. Akwai kuma cibiyar CELHTO a Yamai, wadda tun 1968 take tattara tarihin baka. Abin da nake so ka riƙe shi ne koyarwa da bincike ba kishiyoyi ba ne: malamai da yawa suna riƙe da aji suka yi masta, kuma wanda aka tura Gure ya fi na Yamai kusa da tarihin Muniyo, tsohuwar masarautar yankin.

Sauran ayyuka ba zan tsawaita a kansu ba. Mai lisans ɗin tarihi yana iya shiga jarrabawar makarantar horar da ma'aikatan mulki, ko ta wasu ma'aikatu idan an buɗe, kuma sau da yawa ya fi wasu iya rubutu da tsara hujja. Akwai aikin jarida da gidajen rediyo. Akwai ƙungiyoyi masu zaman kansu da cibiyoyin bincike irin LASDEL, masu neman wanda ya iya zama da mutanen ƙauye ya yi tambaya ya rubuta rahoto mai tsabta, sai dai aikinsu na wa'adi ne, idan kuɗin shirin ya ƙare aikin ya ƙare. Gidajen tarihi da ma'ajiyar takardu mutum kaɗan suke ɗauka. Tsohon garin Agadas ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013, Birni da fadar Sarkin Damagaram kuma suna jerin jira tun 2006, amma rashin tsaro ya karya yawon buɗe ido, don haka kada ka gina rayuwarka a kansa yanzu. Duk waɗannan ayyuka suna neman wanda ya iya kwamfuta, ba danna waya kawai ba.

Za a kawo maka misalin Bubu Hama, malamin makaranta kuma marubucin tarihi da ya shugabanci majalisar dokoki daga 1958 zuwa 1974, da na Salifou da ya jagoranci babban taron ƙasa na 1991 ya kuma riƙe muƙamin minista. Gaskiya ne, amma sun taso a lokacin da masu ilimin boko ƙalilan ne, kowanne aiki yake nemansa. Ka ɗauke su shaida cewa tarihi yana gyara tunanin mutum, kada ka ɗauke su alkawarin kujera.

Akwai wata ƙofa da nake ganin za ta faɗaɗa a zamaninku. A garin nan aka fara gwajin koyarwa da Hausa tare da Faransanci a 1973, kuma a watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ko yaya aka aiwatar da wannan a makarantu, za a buƙaci littattafan tarihi da Hausa, da malaman da suka iya rubuta ta bisa ƙa'ida, kuma a yau waɗanda suka haɗa ilimin tarihi da iya rubutun Hausa ba su da yawa. Ba albashi ba ne tukuna, amma wanda ya fara rubuta darussansa da harsuna biyu tun yanzu ba zai yi asara ba.

Game da mahaifinka, kada ka mayar da abin gardama. Abin da yake nema maka shi ne albashi tabbatacce, kuma yana da hujja, domin ya ga ƴan kwantiragi suna cin bashi a kanti kafin pekil ya fito. Jarrabawar duwan da ta jandarma suna da iyakar shekaru, koyarwa kuwa za ta jira ka, don haka idan an buɗe kuma zuciyarka ba ta ƙi aikin ɗamara ba, ka shiga, babu abin da ka rasa. Idan kuwa bayan wata ukun nan na gwaji ka tabbata aji ne wurinka, ka je masa da tsari a hannu, ka nuna masa makarantar da za ka nema, da takardar da za ka fito da ita, da matakan da ke gabanta, in da hali ka tafi da wani kawunka ko tsohon malaminka da yake jin maganarsa. Dattijo ya fi saurin yarda da ɗan da ya zo masa da hanya a kan wanda ya zo masa da ƙin abin da aka zaɓa masa kawai.

Ko wace hanya ka ɗauka, ka haɗa takardunka tun kafin sakamakon lisans ya fito, domin sanarwar jarrabawa takan zo da gajeren wa'adi, kuma na ga yara masu ƙoƙari sun rasa shekara guda saboda takarda ɗaya. Ka tanadi takardar haihuwa da ta shaidar zama ɗan ƙasa, da kwafin bak da na sakamakon kowace shekara ta jami'a waɗanda aka buga wa hatimi, ka duba cewa sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a kan dukkansu, domin gyaran harafi ɗaya yana iya cin watanni a kotu. Takardar shaidar rashin laifi ita kaɗai za ka bari sai an yi sanarwa, saboda ba a karɓar wadda ta wuce wata uku.